Ƙauyukan kan dutse: ziyara za mu je ko kallo?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara na kawo, ku taya ni dubawa. Hutun ƙarshen shekara ya gabato, ni kuma wallahi na gaji da yawon da muka saba, daga Gamji sai Dandalin Murtala, a ci tsire a koma gida. Shekarata 32 a garin nan na Kaduna, ban taɓa wuce Kachia ba. So nake mu haɗu mu shida ko bakwai mu hau irin ƙauyukan nan na kan dutse, inda mota ba ta zuwa, ba lantarki, ba sabis, mutane na nan yadda kakanninsu suka bar su. Ba wurin da kowa ke zuwa ɗaukar hoto ba. Inda ba a taɓa ba nake so. Wa ya san hanya?

Auta:
Ni dai a rubuta sunana tun kafin a san inda za a. Amma Yaya, wannan "ba sabis" ɗin na kwana nawa ne?

Kawu Direba:
Ɗana, kafin maganar dutse a yi maganar hanya. Shekara 19 na yi ina lodi daga tashar Television zuwa Kafanchan. Za ka fita ta Sabon Tasha, Maraban Rido, Kujama, Kasuwan Magani, Kufana, Idon, ka faɗa Kachia. Daga nan sai Zonkwa, a nan za ka zaɓa: ko ka bi ta Madakiya ka leƙa ruwan Matsirga ka shiga Kafanchan, ko ka bi ta Samarun Kataf ka ɓullo Kagoro. Dutsen kuwa ba sai an nuna maka ba, tun daga nesa za ka gan shi ya tare sama kamar hadari ya haɗo. Sharaɗina ɗaya ne, a fita da sassafe a isa da rana tsaka. Ko nawa za a biya ni ban yarda magariba ta same ni tsakanin Kufana da Kachia ba.

Hajiyar Malali:
Ku yaran nan akwai ƙarfin hali. Kun manta abin da ya faru a gidan dutsen nan na Kajuru a watan Afrilun 2019? Mutane sun zo shan iska, 'yan bindiga suka afka masu da dare, aka kashe mutum biyu, ɗaya Baturiyar Ingila ce mai aikin agaji, aka kuma tafi da wasu. Wannan fa wurin da kowa ya sani ne, da katangarsa da komai. Ku kuma kuna neman inda ko an yi ihu ba mai ji. Ban hana ku ba, amma duk mai zuwa ya fara gaya wa mahaifiyarsa tukuna. In ta yarda, to.

Ɗan Tudun Wada:
Hajiya mun ji, kuma ba za mu yi gaban kanmu ba. Da ɗan gari kan ci gari, shi ya sa na kawo maganar nan zaure.

'Yar Kagoro:
Tun ɗazu nake karantawa na yi shiru, amma tunda an ambaci garinmu bari in sa baki. Ɗan'uwa, ba faɗa nake nema ba, tambaya ce. Ka ce inda ba a taɓa ba. Wane ne bai taɓa ba? Mutanen wurin ai kullum suna taɓawa.

Kakata ta wajen uwa a kan dutse aka haife ta, a can ta yi aure, a can aka binne ta. Ina 'yar sakandare na je hutu wurinta, sai ga wasu baƙi su huɗu daga birni da manyan kyamarori, wani yaro daga ƙasa ya rako su. Ko gaisuwa ba su gama ba suka fara ɗauka. Tana zaune tana tsince acca a faifai, a gefenta ga bokitin roba shuɗi da 'yar rediyonta. Sai ɗayansu ya sunkuya ya kwashe bokitin da rediyon ya kai bayan rumbu, ya ɗauko wata tsohuwar ƙwarya da kaji ke shan ruwa a ciki ya ajiye mata kusa da ƙafa. Ya ce ta cire silifas, wai suna ɓata hoto. Ta cire, don a wurinta ba a yi wa baƙo musu. Da za su tafi suka miƙa mata naira 200.

Bokitin nan kawuna ne ya sayo a kasuwar Kafanchan ya hau da shi a ka. Ta fi ji da shi a kan duk ƙoren gidan. Har yau in na tuna yadda ta zauna ƙafa ba takalmi tana masu murmushi sai raina ya ɓaci. Shi ne nake tambaya, ziyara za ku je ko kallo?

Ɗan Tudun Wada:
Anti, Allah ya ba ki haƙuri, wannan rashin tarbiyya ne ƙarara, kuma ba haka nake nufi ba. Amma ki yi mini adalci, kallo a kan kansa laifi ne? Mu ma ai ana zuwa kallonmu. Duk sallah Turawa na cika Zariya da kyamarori suna ɗaukar hawa, ba wanda ya ce an ci mutuncinsa.

'Yar Kagoro:
Hawan sallah don a kalla aka shirya shi. Mahayi tun dare yake gyara rawaninsa don ya san za a gan shi. Mu ma muna da namu, bikin Afan, 1 ga Janairu kowace shekara a Kagoro. Maharba na fitowa da kwari da baka, ana busa ƙaho, ana rawa tun safe. Ka zo ka ɗauka har batirinka ya ƙare, ni da kaina zan nema maka wurin tsayawa. Amma tsakar gidan mutum ba filin hawa ba ne.

Auta:
Anti ta ci wannan zagayen.

Malamin Tarihi:
Ku ba ni dama in ɗan koma baya, don akwai tambayar da ba a yi ba. Me ya kai mutum kan dutse tun farko? Ba mai son noma a tsakanin duwatsu alhali ga fadama shimfiɗe a ƙasa. Ba mai son matarsa ta riƙa hawa da tulu a ka safe da yamma. Tsoro ne ya kai su. A ƙarni na 19 masarautu na kai harin bayi kudu, Zazzau na ciki, doki kuma ba ya hawa dutse. Shingen ƙyarana da za ku gani kewaye da tsofaffin gidaje ba ado ba ne, ganuwa ce. Ga ƙaya, ga ruwanta in ya shiga ido sai wani ikon Allah. Ƙofar gida ƙarama da sai ka durƙusa za ka shiga, hanya siririya da mutum biyu ba sa jerawa, duk dabarar yaƙi ce. Tsayin dakan da suka yi ne ya sa a zamanin Turawa Kagoro da Jaba da Moro'a suka zauna da sarakunansu, ba a ƙarƙashin sarkin Zazzau ba. Marigayi Malam Gwamna Awan ya riƙe sarautar Kagoro daga 1945 har zuwa 2008.

In kuna son ganin abin a fili, ku dubi Sukur a duwatsun Mandara, ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa. Shi ne wuri na farko a Najeriya da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya, a 1999. Hanyar hawa shimfiɗe take da duwatsu, gonaki hawa-hawa an tokare kowace da jeren dutse don ruwa kar ya kwashe ƙasa, ga fadar sarkinsu da suke kira Hidi, ga tsofaffin wuraren narka ƙarfe. To, hakimin Madagali Hamman Yaji ya bar rubutun abin da yake yi daga 1912 zuwa 1927, a ciki yana lissafa ƙauyukan dutse da ya tura wa mayaƙa da yawan bayi da dabbobin da aka kamo, Sukur na ciki. 1912 fa, ba zamanin Bayajida ba. Kakan wasunmu a zauren nan an riga an haife shi. A 2014 kuma Boko Haram suka hau suka ƙona masu gidaje.

Abin da nake nufi, in Bahaushe ya hau dutse yana haki ya ce kai, mutanen nan me ya zaunar da su a nan, ya kamata ya san amsar kafin ya yi tambayar.

Baba Tsohon Soja:
Malam, a bar tone-tone. Mu da muka ga rikicin Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, muka ga garin nan a 2000 da 2002 da 2011, mun san inda irin wannan magana ke kaiwa. Kogi ya raba mana gari biyu, wanda ke Kawo na tsoron kwana a Sabo. Yara na maganar yawon buɗe ido, kai ka ɗauko masu bayi.

Malamin Tarihi:
Ranka ya daɗe Baba, ba don in ɗora wa kowa laifi na faɗa ba. Dutsen nan mu ma bai bar mu ba. Kano a gindin Dala ta fara, Zariya ga Kufena, Turunku na nan kusa da mu a Igabi. Ga kuma Ningi. Wajen 1846 Malam Hamza da mutanensa suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano kan rikicin haraji, suka fake a duwatsun Ningi cikin Butawa da Warjawa. Hausawa ne, malamai ne. Daga baya su ne suka riƙa saukowa suna kai wa Kano da Bauchi da Zazzau hari. Duk wanda aka fi ƙarfi dutse yake nema, ko wane yare yake ji.

'Yar Kagoro:
Baba, ni ban ji zafin abin da Malam ya faɗa ba. Rashin faɗar ne ya fi yi mini ciwo.

Baba Tsohon Soja:
To 'yata, na ji. Na yi shiru. Ba yarda na yi ba, shiru na yi.

Mai Riga-kafi:
Ni aiki ne ya kai ni, ba sha'awa ba. Shekarun da ake tsananin zagayen ɗigon shan inna gida-gida, kafin shaidar rabuwa da cutar da aka ba Najeriya a 2020, an tura mu wani ƙauye a duwatsun ƙaramar hukumar Kauru. Ba zan faɗi sunansa ba, kar gobe in ji wani ya je yana kwashe masu bokiti.

Mota ta ajiye mu inda kwalta ta ƙare. Ɗan acaɓa ya kai mu bakin wani rafi ya ce nan ne iyakarsa. Daga nan sai ƙafa. Mun fara hawa bayan asuba, akwatin ƙanƙara rataye a kafaɗata, don maganin in ya ji zafi ya tashi aiki. Awa ɗaya da fara hawa na daina magana. A ta biyu na fara tunanin wa ya sa ni karatun kiwon lafiya. Ina zaune kan wani falalen dutse ina neman numfashi sai ga wata tsohuwa, wallahi ta haifi uwata, da fallen kwano naɗe a kanta, ta ce mana sannunku da hawa, ta wuce. Ba mu sake ganinta ba sai a sama, ta riga ta ɗora tukunya. Awa uku da rabi muka yi.

Duk kwanon da ke kan rufin garin nan haka ya hau, falle-falle. Injin niƙansu kwance shi aka yi a ƙasa, maza suka hau da shi gunduwa-gunduwa, aka ɗauko makaniki ya haɗa a sama. Man da yake sha a jarka yake hawa. Akwai dutse ɗaya a gefen gari da sabis ke kamawa in ka tsaya a kansa ka ɗaga hannu, da yamma za ka ga layi. Makaranta aji biyu ce, malamin na hawowa Litinin ya sauka Juma'a. Saboda haka Ɗan Tudun Wada, zancen suna nan yadda kakanninsu suka bar su ka cire shi. Sun san farashin taki a Saminaka fiye da kai.

Abin da ba zan manta ba shi ne karɓar da aka yi mana. Mai unguwa ya sa aka kamo zakara, ya miƙa wa abokin aikina da wuƙa ya ce, Malam yanka da hannunka, mun san ba kwa cin yankanmu. Ba mu roƙa ba, ba mu ko ambata ba. Aka kawo wa 'yan rakiyarmu burkutu, mu kuma aka dama mana kunu a sabuwar ƙwarya, matar har tana juya ta tana nuna mana ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Lokacin salla yarinya ta kawo ruwa ta share mana gindin wata bishiya. Da dare tuwon acca da miyar karkashi. Sanyi kuwa lokacin hunturu ne, gadon ƙasa suka ba ni wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Ban taɓa barci mai daɗin wannan ba, sai dai da safe ƙafafuna suka ce ba su san ni ba.

Mai Hoto:
Allahu akbar. Irin wurin da nake nema ke nan. Kuma ku yi haƙuri, ni addu'ata kar a kai masu titi. Titi na isa shi ke nan, leda ko'ina, giyar leda, samari su gudu birni acaɓa, tsofaffi su mutu da abin da suka sani. Ku dubi Koma a duwatsun Alantika, ƙaramar hukumar Jada. A 1986 Kanar Yohanna Madaki, gwamnan soja na tsohuwar Gongola, ya je wurinsu, jaridu suka yi ta buga hoton mata sanye da ganye, wai an gano su, kamar da can ɓata suka yi. Kowa ya ruga, masu wa'azi, masu agaji, masu kyamara irina. A ganina abin da aka je gani shi aka fara kashewa. Wani wurin gara a bar shi yadda Allah ya ajiye shi.

Mai Riga-kafi:
Ƙanena, ban gama ba ka labarin ba ne.

A daren nan na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, aka buga mana ƙofa. Wata yarinya ce, haihuwar fari, tun jiya take naƙuda, ungozoma ta yi iya yinta. Da na duba na san ba aikin hannuna ba ne, sai asibiti, sai tiyata. Ka san me suka yi? Ƙyauren ɗaki suka ɓalle, suka shimfiɗa tabarma a kai, suka ɗaure ta da zannuwa don kar ta zame. Maza huɗu na ɗauka, huɗu na biye don canji, yara na gaba da tocila. Hanyar da na hau da rana ina rarrafe, ita suka sauka cikin duhu da mutum a kafaɗa. Ina bayansu ina jin nishinta, daga baya na daina ji, wannan ya fi tayar mini da hankali. Uwar mijin na gefe tana ta kiran sunanta don kar ta yi barci. Gari ya waye kafin mu kai bakin rafi. Daga nan babur, an sa ta a tsakiya, sannan mota.

Ta rayu. Ɗan bai zo da rai ba.

Kai in matarka ta fara naƙuda minti nawa ne daga gidanka zuwa asibiti? Ka je ka tsaya gaban mijin yarinyar nan ka ce masa kana addu'ar kar a kawo titi don hotonka ya yi kyau.

Hajiyar Malali:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya saka maki da alheri 'yar nan. Ni na haihu bakwai, na san abin da ake nufi da daren nan.

Mai Hoto:
Anti, jikina ya yi sanyi. Na janye addu'ar. Amma ku bar ni da rabin maganata, don akwai abin da ke tafiya in an sauko. Na yi aiki a ƙauyuka da dama a Lere da Kauru, za ka tarar kaka na yi wa jika yare, jika na amsawa da Hausa. A coci ma Hausa ake yi. Mu muna murna harshenmu na yaɗuwa, ba mu lura da abin da yake haɗiyewa ba. Nan da jikoki biyu wa zai san sunan ciyayin dutsen nan da wanda ke maganin me?

'Yar Kagoro:
Wannan kam gaskiya ka faɗa, kuma a gidana take. 'Ya'yana a Sabon Tasha aka haife su, Hausa da Turanci suke yi, in na yi masu yare sai su yi dariya su ce Mama ta fara. Laifina ne da na babansu. Amma gyaran wannan aikinmu ne, a bakin murhu ake yin sa. Ba a adana yare da hana mutane asibiti.

Tsohon Ɗan Hidimar Ƙasa:
Ni fa duk wannan rigimar da kun bi shawarata da ba a yi ta ba. Ku tafi Mambila. A Gembu na yi hidimar ƙasa. Daga Jalingo ka bi Bali, Serti, ka isa Mayo Selbe, daga nan mota ta fara hawa tana nannaɗe dutse kamar maciji, ka leƙa taga ka ga gajimare a ƙasanka. Sama kuma ciyawa kore shar har iyakar gani, shanu ko'ina, ga gonar shayi a Kakara. Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419, yana yankin, cikin gandun Gashaka Gumti. Ƙauyuka na nan birjik da sai a babur ko a ƙafa. Sai dai ku koyi gaisuwa da Fulatanci, don a can ya fi Hausa tafiya a kasuwa. Kuma ku tafi da rigar sanyi ta gaske, ba irin ta 'yan gayun Barnawa ba.

Kawu Direba:
Kai yaro, Mambila kwana biyu ne a hanya in ana son a isa da mutunci, kwana biyu dawowa. Da kuɗin man yanzu? Kuma hawan Mayo Selbe ba a yin sa da motar da birkinta ke da tari. Tawa tana da tari.

Auta:
Kawu, motarka ai ba birki kaɗai ba, har hon ɗinta mura yake yi.

Kawu Direba:
Za ka shige ta dai, ɗan nema.

Ɗan Tudun Wada:
To jama'a, na shigo da magana ɗaya na fita da goma. Gaskiya da na rubuta saƙon farko hoton da zan sa a Facebook nake hangowa, ba zan ɓoye ba. Har yanzu ina son zuwa, ko don in ga abin da ke bayan Kachia. Anti 'Yar Kagoro, in mutum na son ya je a matsayin baƙo, ya ake yi?

'Yar Kagoro:
Yadda ake zuwa gidan kowa. In za ka gidan surukanka a Rigasa ai ba ka faɗawa haka nan, sai ka aika. A fara samun wanda ya san ku ya san su, ya kai magana wurin mai unguwa, a ce ku zo. Ku bakwai kun yi yawa, don duk abin da za ku ci a ka ya hau, kuma ba za su yarda ku ci naku ba. Huɗu ya isa.

Tsaraba a kai wa mai gida a hannu, gishiri, sabulu, sukari, batirin tocila, shi ya san yadda zai raba. Don Allah kar a tsaya tsakiyar gari ana watsa wa yara alawa da 'yan canji, daga nan ake koya masu bin baƙo da miƙa hannu. In kuna son ku taimaka ku sayi abin da suke da shi, zuma, acca, citta, kuma kar a yi masu cinikin Kasuwar Barci. Tun cutar da ta cinye citta a 2023 manoma da yawa a kudu ba su gama farfaɗowa ba.

In an ce kurmin can ba a shiga, ko dutsen can mace ba ta hawa, ku ce to, kar a tsaya neman dalili. Hoto kuma a tambaya, in an ɗauka a nuna wa mai shi. In da hali a wanke a aika masa. Kakata har ta rasu ba ta ga hoton nan da aka cire mata takalmi dominsa ba.

Mai Hoto:
Wankin hoto a bar mini, ni zan yi, in ma an yarda in zo.

'Yar Kagoro:
Za ka zo, amma kyamara na cikin jaka sai an ci abinci.

Baba Tsohon Soja:
Tunda kun nace, ku ji ta soja. Ba a sanar da ranar tafiya a intanet, ba a sa hoto sai an dawo gida. Ku bar wa mutum ɗaya a nan sunayenku da lambar wanda zai karɓe ku. In kun isa ku gabatar da kanku wurin hakimi ko dagaci da 'yan sintirin gari kafin ku taka dutse. Ranar tafiya da safe a sake kira a tambayi lafiyar hanya, in an ce akwai motsi a fasa, ba a jayayya. Kuma takalmi mai igiya, wanda ƙafa ta saba da shi. Sabon takalmi a kan dutse azaba ne.

Hajiyar Malali:
Ni gwiwa ba za ta bar ni ba, ko benen gidana da dabara nake hawa. Amma in tafiyar ta tabbata a biyo ta Malali, akwai katan ɗin sabulu da turmin atamfa biyu, a kai wa ungozomar garin. Ku ce daga wata tsohuwa ce a Kaduna.

Mai Riga-kafi:
Hajiya, in za a ƙara da safar hannu da reza sabuwa da auduga, ungozoma za ta fi murna da su a kan atamfar. Zan haɗa in kawo maki.

Tsohon Ɗan Hidimar Ƙasa:
Wato Mambila ta faɗi zaɓe ke nan.

Malamin Tarihi:
Ta tafi zagaye na biyu. In an je kudu kuma a yi ƙoƙari a ratsa ta Kwoi a leƙa Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓun nan a 1928. Abin kunya ne a ce ana koyar da shi a jami'o'in duniya mu da ke jiha ɗaya ba mu taɓa zuwa ba.

Kawu Direba:
Malam, kai kullum sai ka ƙara mana tasha. Mai fa ba da tarihi ake sayensa ba.

'Yar Kagoro:
Ga yadda za a yi. Ku zo Afan tukuna, ku kwana a gidanmu na ƙasa ranar 31 ga Disamba, akwai ɗaki, akwai masallaci kusa. Maganar hawa kuma sai na tambayi kawuna. Ba shi da waya a sama, sai ranar kasuwa in ya sauko zan same shi ta wayar wani mai shago. In ya ce ku zo, ƙanena zai hau da ku washegarin biki. In ya ce a'a, to a'a ce, kar wanda ya ce mini a lallashe shi.

Ɗan Tudun Wada:
Mun yarda Anti. Ni, Auta, Mai Hoto, saura mutum ɗaya. Malam, kana ciki?

Malamin Tarihi:
Sai na tambayi uwargida da gwiwata, duk wadda ta fara amsawa.

Kawu Direba:
Ƙarfe bakwai na safe a Television, ranar 31. Wanda ya makara ya biyo mu a ƙafa, ya fara atisayen hawa tun daga Maraban Rido.

Auta:
Baba, kambas ɗin da nake buga ƙwallo da shi zai yi? Tafinsa ya ɗan sha ƙasa.

Baba Tsohon Soja:
Kawo shi gida gobe bayan la'asar in gani.